Kwamfuta a Manhaja, Alli a Aji: Yadda Doka da Kuɗi Ke Juya Karatun Fasaha a Najeriya

A watan Maris na 2007 aka sauke wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari a makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja. Kusan guda 300 ne, kowane yaro da tasa, har gida yake tafiya da ita. Kayan na shirin One Laptop per Child ne, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya kafa, shirin da duniya ta sani da sunan kwamfutar dala 100. Galadima na cikin wuraren farko a duniya da aka gwada su a aji na gaske, kuma a lokacin maganar da ake yi ita ce Najeriya za ta sayi miliyan guda.

Ba a saya ba. Gwamnati ta canja hannu a watan Mayun shekarar, kuma kafin shekarar ta ƙare sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili yana tambayar amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da bencin zama. A Galadima kuwa, abin da ya fi ci wa malamai tuwo a ƙwarya shi ne wutar caji da kuɗin intanet. Tambayar ministan tana da gaskiyarta, sai dai abin takaicin shi ne bayan shekaru masu yawa, a dubban makarantun gwamnati ba a kawo bencin ba, ba a kuma kawo kwamfutar ba.

Ba rashin doka ne ya jawo haka ba. Tun 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, ƙasar ta fitar da manufar koyar da kwamfuta, aka fara gwaji a kwalejojin gwamnatin tarayya. A 2008 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sanya darasin kwamfuta cikin manhajar shekara 9 ta ilimin tushe, daga firamare zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare. A 2010 aka yi manufar ƙasa ta amfani da fasahar sadarwa a ilimi, aka sake mata kwaskwarima a 2019. A takarda, ɗan firamare a Gwarzo ko Gummi ya kamata ya san kunna kwamfuta ya rubuta sunansa. A zahiri, malami ne ke zana hoton na'urar da alli a allo, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawar zangon da maki mai kyau ba tare da yatsansu ya taɓa madanni ba.

Wanda ke son gane dalilin wannan tazara, sai ya bi sawun kuɗi.

Inda kuɗin ke bi

Ilimi a tsarin mulkin Najeriya na cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Abuja ce ke rubuta manhaja, amma kusan dukkan makarantun gwamnati na jihohi da ƙananan hukumomi ne. Gwamnatin tarayya tana riƙe da kwalejojin haɗin kai ɗari da 'yan kai ne kawai. Wato mai ba da umarni daban, mai biyan kuɗin cika umarnin daban.

Gadar da ta haɗa su ita ce dokar UBE ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, a hannun hukumar UBEC. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin tallafi ne da jiha ba za ta taɓa shi ba sai ta ajiye nata kason daidai da shi, kuma akasarinsa gini da gyaran ajujuwa yake tafiya. Kashi 15 na kayan koyarwa ne, kashi 10 na horar da malamai. Jihohi da dama ba sa ajiye nasu kason a kan lokaci, har ta kai a 2024 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya koka cewa sama da naira biliyan 100 na zaune babu mai zuwa ɗauka. Kuɗin da ya zauna shekara uku a asusu, a shekarun da naira ta zube, idan ya fito ba zai sayi rabin kwamfutocin da zai saya a da ba, tunda kusan komai na wannan harka da dala ake shigo da shi.

Akwai wani giɓin da ba a cika maganarsa ba. Iyakar UBEC aji 3 na ƙaramar sakandare. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 yana taɓa kowane mataki a da, amma dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, ta keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha. Babbar sakandare ta zama marainiya a tsakiya. An kafa mata hukuma, NSSEC, amma ita ma ta sha kokawa kan rashin sakin kuɗin da doka ta tanadar mata. Kuma ajujuwa ukun babbar sakandare su ne daidai inda ake neman yaro ya rubuta jarrabawar rayuwarsa a kan kwamfuta.

Sauran kwamfutocin da ake gani a makarantu ta wasu ƙofofi suka shigo. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa ƙarƙashin hukumar NCC, ya kai ɗakunan kwamfuta makarantu da dama, hukumar NITDA ma ta yi nata, 'yan majalisa sun yi a matsayin aikin mazaɓa, bankuna da kamfanonin waya sun yi a matsayin kyauta. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan ayyuka shi ne ranar ƙaddamarwa ce ƙarshen kasafinsu. Bayan shekara guda kuɗin intanet ya ƙare, batirin sola ya mutu, kwamfuta biyar sun daina tashi, babu layin da aka rubuta gyara a kansa a kasafin ma'aikata. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ta kullum ita ce aiki. Shugaban makarantar da ya san idan na'ura ta ɓace shi za a tuhuma, idan kuma ta kwana a rufe babu mai tambayarsa, sai ya sa kwaɗo ya rataye makulli. Da wuya a ga laifinsa, tsarin ne ya koya masa haka.

Kason ilimi a kasafin tarayya ya shafe shekaru bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali yarjejeniyar Incheon ta 2015 ta ba da shawarar kashi 15 zuwa 20. Wasu jihohin Arewa suna ware fiye da haka a takarda, Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Amma jihar da ke da ajujuwan da rufinsu ya kware, da yara sama da 100 a gaban malami ɗaya, ba a rasa gane inda kuɗinta zai fara zuwa ba.

Jarrabawa ta yi abin da manhaja ta kasa

Idan akwai matakin gwamnati guda da ya tilasta wa matasan Najeriya zama gaban kwamfuta, to na hukumar JAMB ne. A 2013, ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde, aka fara ba ɗalibai zaɓin rubuta jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta. A 2015 aka rufe ƙofar takarda da fensir gaba ɗaya. Cikin shekara biyu, abin da manhaja ta yi shekaru 25 tana roƙo ya zama dole.

Sai dai makarantun gwamnati ba su ne suka cike gurbin ba. 'Yan kasuwa ne suka buɗe cibiyoyin jarrabawa, makarantu masu zaman kansu suka sayi kwamfutoci suka ƙara kuɗin makaranta, shagunan intanet suka koma wuraren koyon danna amsa. Uba a ƙauye yakan haɗa kuɗin fom, da kuɗin mota zuwa birni, da na kwana, da na 'yan kwanakin da za a nuna wa ɗansa yadda ake riƙe linzamin kwamfuta. Doka ta fito daga Abuja, lissafinta ya sauka a aljihun iyaye.

Hukumar JAMB ta san da wannan. Bayan Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi ragama a 2016, an ɓullo da jarrabawar gwaji, an kuma tsara yadda ɗalibi zai iya gama jarrabawar da madannai 8 kacal ba tare da linzami ba: huɗu na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙa aiki. Dabara ce mai kyau, ta ceci yara da yawa. Ita ce kuma shaida mafi ƙarfi kan halin da darasin kwamfuta ke ciki, domin an yi ta ne saboda ɗaliban da suka gama shekara 12 a makaranta, darasin yana cikin manhajarsu tun firamare, amma hannunsu na rawa a kan linzami. A shekarun nan JAMB ta riƙa mayar da rarar biliyoyin naira baitulmali, aka yaba mata, har aka rage kuɗin fom daga naira 5,000 zuwa 3,500 daga 2019. Da an ɗaure wani kaso na wannan rara ga ɗakunan kwamfuta a sakandaren karkara, da kuɗin ya koma inda ya fito.

Shekarar 2025 ta nuna iyakar tsarin. Kusan ɗalibai miliyan 2 suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 suka samu ƙasa da maki 200 cikin 400. Bayan ƙorafi ya yi yawa, Oloyede ya fito a watan Mayu, cikin hawaye, ya amince an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka ce ɗalibai 379,997 da abin ya shafa za su sake jarrabawa. A watan Mayun dai hotuna suka karaɗe ƙasa na ɗaliban jarrabawar kammala sakandare ta WAEC suna rubuta Turanci cikin dare da tocila da fitilar waya, saboda takardun sun makara.

Duk da haka, a watan Afrilun shekarar ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya riga ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta kacokan zuwa 2026. Hujjarsa satar jarrabawa, kuma duk wanda ya san abin da ake yi a cibiyoyin da ake biya a ci ba zai raina hujjar ba. WAEC ta riga ta gwada tsarin a farkon 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Amma lissafin ya sha bamban. JAMB awa biyu ce a rana ɗaya, a cibiyoyin da ba su kai 1,000 ba. WAEC makonni ake yi, darussa 8 ko 9, da rubutun zube, ga ɗalibai kusan miliyan 2 daga makarantu sama da 23,000. Yarinya a Kaugama ko Shinkafi ba za ta iya zuwa babban gari sau goma sha wani abu ba, kuma iyaye da yawa ba za su bari ba, balle a hanyoyin da tsaro ya taɓarɓare. A ƙarshen 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a ɗage shirin zuwa 2030, a ba jihohi lokacin sanya kayan aiki da malamai a kasafinsu.

Wuta, data da malami

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ake dogaro da shi daga Kudu maso Gabas kuma ya samu matsala. A farkon 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu ɗaya cikin waɗannan matakai da ya fito daga ma'aikatar ilimi, amma kowannensu ya yanke hukunci kan ko darasin kwamfuta zai yiwu ranar Talata ko a'a.

Zaman gida na korona a 2020 ya riga ya tona wannan asiri. Lokacin da makarantun masu hali suka koma Zoom, jihohin Arewa rediyo da talabijin suka kama, domin su ne suka isa kowane gida. A watan Maris na 2022 aka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport tare da UNICEF da Microsoft, da darussa cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Kyauta ne, amma sai da waya, da caji, da data.

Batun malami ya fi duka nauyi. A 2017 jihar Kaduna ta gwada malaman firamare kusan 33,000, ta ce 21,780 sun faɗi. An yi ta jayayya kan adalcin gwajin, amma babu mai musun cewa malamin da ake bin sa bashin horo a kan lissafi da karatu ba zai wayi gari yana koyar da tsara manhajar kwamfuta ba. Wanda ya ƙware a fasahar kuwa, albashin ƙaramar hukuma ba zai riƙe shi ba. Ko a Abuja, malaman firamare sun yi yajin aikin sama da wata uku a 2025 kan mafi ƙarancin albashi.

Wasu jihohi sun juya lissafin, suka ba malami na'urar maimakon yaro. Edo ta fara a 2018 da shirin EdoBEST, Legas ta bi a 2019, Kwara daga baya. Malami na riƙe da ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin ranar, ma'aikata kuma tana ganin ko ya zo, ko ya gama darasin. Akwai masu sukar cewa ana mayar da malami mai karanta rubutun wani, kuma sukar tana da tushe. Amma na'ura ɗaya a aji ta fi sauƙin caji da gyara a kan 60. Osun ta gwada ɗayar hanyar a 2013 da shirin Opon Imo na gwamna Rauf Aregbesola, da burin raba kwamfutocin hannu 150,000 ga ɗaliban babbar sakandare. Waɗanda aka raba ba su kai adadin ba, shirin kuma ya yi sanyi da jihar ta shiga matsin biyan albashi.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Kwamfutar da aka kai Galadima ita aka kai Peru da Uruguay, sakamakon ya bambanta. Peru ta sayi sama da 800,000. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, kan makarantun karkara 319, bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba, duk da yaran sun iya sarrafa na'urar. Uruguay ta fara shirin Ceibal a 2007 ƙarƙashin shugaba Tabaré Vázquez, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu tasa. Abin da ta yi daban shi ne ta kafa wa shirin hukuma ta dindindin da kasafin shekara-shekara, ta kai intanet makarantu, ta tanadi gyara da musanya. Daga baya ta yi amfani da layin wajen koyar da Turanci ta bidiyo inda babu malami. Da korona ta zo, tana da abin da za ta tsaya a kai. Uruguay ƙasa ce mai mutum miliyan 3 da rabi, ba ta kai birnin Kano da kewaye ba, don haka ba za a kwafe ta kai tsaye ba. Abin ɗauka shi ne yadda ta rubuta kasafin.

Kenya ta yi alƙawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya a zaɓen 2013, ta raba na hannu sama da miliyan guda daga 2016, daga baya ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta. Ribar da ta fi daɗewa a shirin ita ce dubban makarantun firamare da aka ja wa wutar lantarki saboda shi.

Sabuwar manhaja

A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja. An rage yawan darussa, an sanya fasahar zamani cikin darussan sakandare, an kuma taƙaita sana'o'i zuwa 6, ciki har da haɗa sola da gyaranta, da gyaran kwamfuta da wayar hannu. Zaɓin ya dace da kasuwa. Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga matasa da ke kwance waya su ɗaura cikin minti kaɗan, kuma kusan dukkansu a gaban maigida suka koya, da waya a hannu da ƙarfen liƙi a gefe. Makarantar da za ta koyar da wannan sana'a tana buƙatar irin waɗannan kaya da irin wannan hannu, in ba haka ba za a sake komawa zanen alli, wannan karon na faifan sola.

Bayan wata biyu, a Nuwamba, ministan ilimi Alausa ya soke manufar 2022 ta koyar da yara da harshen uwa a firamare, ya mayar da Turanci. Wannan ma ya shafi fasaha kai tsaye, domin harshen da doka ta amince da shi ne ake kashe kuɗin naɗar darussa da tsara manhajojin waya a cikinsa. Shirye-shiryen koyon karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da kuɗin Birtaniya da Amurka aka yi su, kuma 2025 ita ce shekarar da aka rushe hukumar USAID. Shirin AGILE, wanda ke koya wa 'yan matan sakandare amfani da kwamfuta a Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno da wasu jihohi, ya fara ne a 2020 da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, kuma rance yana da ranar ƙarewa. UBEC ta gina makarantun zamani na gwaji, guda a kowace jiha da Abuja, masu alluna na lantarki da intanet, amma makaranta ɗaya ce a jihar da ke da firamare dubbai, kuma ɗawainiyarta ta yau da gobe a wuyan jihar take.

Gyaran da ake buƙata ba ya neman sabuwar manufa. Yana neman a rubuta kuɗin wuta da data da gyara a kasafi kowace shekara tun kafin a sayi na'ura, a tura wani kaso kai tsaye asusun makaranta inda kwamitin iyaye da malamai zai iya sauya batir ba tare da jiran kwangila ba, a saki kuɗin babbar sakandare, a kuma biya malamin kwamfuta abin da zai hana shi komawa shago. Majalisun jihohi ne ke amincewa da kasafin da zai nuna ko an yi hakan, kuma a kasafin 2026 zuwa 2029 ne Majalisar Wakilai ta ce a sanya ɗakunan jarrabawa da janareto da malaman kwamfuta, idan ana son ɗaliban WAEC su zauna gaban na'ura a 2030.